Injin Silinda Takwas

Marin farko bai kayar da Jibirilla ba, sai da Nawwaf ya ciro baƙar igiyar da ke danne mayafin kansa ya zabga masa a fuska. Girarsa ta tsage, jini ya ɗiga a kan murfin injin.

Mamane ya ƙame riƙe da sarƙar ɗaga kaya. Shekararsa tara yana walda a Riyad, ya san baƙon da ya ɗaga hannu a kan ɗan kafil, maigidan da takardar izinin zamansa ke hannunsa, ya gama yawo.

Suna cikin tashlih ne, makabartar motocin da suka yi haɗari, sun zo zaɓen inji. Motar tsere Nawwaf ya yi oda daga Turai gunduwa-gunduwa cikin akwatunan katako, Mamane da makanike Jibirilla suka yi wata huɗu suna haɗa ta a garejin mahaifin Nawwaf da ke unguwar Sulay. Jikinta roba, ƙashinta siraran bututun ƙarfe, ƙarti biyu ma sa ɗaga bayanta. Irin wannan silinda huɗu take so, takardar masu ƙera ta ma haka ta ce. Amma suna shigowa idon Nawwaf ya faɗa kan wani ƙaton inji mai silinda takwas, wanke tas, a bakin ƙofa.

Jibirilla ya tashi daga ƙasa yana share jini, ya maimaita abin da ya jawo masa dukan, da Larabci, da ƙarfi, a gaban abokan Nawwaf uku da ke ɗaukar bidiyo da waya.

"Wallahi ya fi ƙarfin motar. Kai ma ya fi ƙarfinka. Wannan na maza ne."

Abokan suka bushe da dariya. Nawwaf ya shure shi a ciki, ya ƙara, ya ƙara, har takalminsa ya cire.

"Yalla, ku ɗora shi a mota!"

A bayan akori-kura, injin na tsakaninsu, Mamane ya kasa haƙuri.

"Jibo, wai aljanu gare ka? Ka baro aikinka mai kyau a masana'anta ka dawo bautar yaron nan, yanzu kuma kana tsokanarsa a gaban abokansa? Shawara ai gefe ake jan mutum."

"Gaskiya na faɗa."

"To gaskiyar ce za ta cece ka? In ya mutu a motar nan, wuyanka za a nema, ba nasa ba."

Jibirilla ya tofar da jini.

Mako uku suna aikin. Mamane bai taɓa ganin makanike mai tsantseni irin haka ba. Kowane noti sai Jibirilla ya ɗaure ya sake gwadawa. Birki sabo, tayoyi sababbi, wayar wuta ko ɗaya bai bari a sake ba. Sau biyu ya ƙara yin gargaɗin, duka biyun a gaban mutane. Na ƙarshen ranar da aka tayar da injin ne, garejin ya ɗauki rugugi har ƙura na zubowa daga rufi. Nawwaf ya ɗauki sifana ya sauke masa a bayan hannu. Mamane ya ji ƙarar karyewar yatsu biyu daga inda yake tsaye.

Da hantsin Juma'a samari suka taru a wani faffaɗan titi kudu da gari, inda suke wasan wulwula mota. Nawwaf ya shiga, ya ɗaga wa masu waya hannu, ya take totur har ƙasa.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙarfin doki ɗari huɗu, a jikin da bai kai nauyin raƙumi biyu ba. Tayoyin baya suka yi ihu, suka rabu da kwalta. Motar ta juya sau ɗaya yadda yake so, ta juya na biyu yadda take so, ta tafi a kaikaice ta rungumi turken fitila. Jikin ya tarwatse kamar ƙwai. Injin ya tsinke ƙafafunsa ya shigo inda direba yake zaune. Sai da aka yanka ƙarfe kafin a ciro abin da za a yi wa sutura.

Kafin la'asar 'yan sanda sun tafi da Jibirilla. Kwana goma sha ɗaya Mamane bai iya cin abincin kirki ba. Masu bincike suka warware motar ƙusa-ƙusa, ba su sami kuskure ko ɗaya ba. Sannan ga bidiyo har uku na bawan Allah yana gargaɗi ana dukansa. Mahaifin Nawwaf da kansa ya je ya fito da shi, ya nemi gafararsa yana hawaye. Bayan mako guda Jibirilla ya koma Damagaram.

Mamane aka aika ya kai ragowar motar tashlih. Mai wurin, wani tsoho ɗan Sudan da ya gaji Hausa wajen kakanninsa, ya daɗe yana kallon injin.

"Ya dawo gida ke nan," in ji shi.

"Baba, ka san shi ne?"

"Shekara uku yana wajena. Daga tsohuwar motar yaron nan aka ciro shi, wadda ya take wata 'yar aikin gida da ita a bakin titi, Safiatou. Aka ce tsautsayi ne, magana ta mutu. Mijinta ya zo ya saye injin, ya ce in ɓoye masa. Sai rannan ya bugo waya, wai in wanke shi in ajiye a bakin ƙofa, gobe zai kawo mai saye."

Tsohon ya dubi fuskar Mamane.

"Au, wai duk zaman da kuka yi, ba ka san Jibirilla ya taɓa aure ba?"