Itatuwan da Ya Toshe Hanya da Su

Rurin injuna ya taso daga gindin dutsen, ya iso bukkarsu a dajin Montana ta Amurka. Nan take maigidan ya rarumi bindiga.

"Ga su nan! Na gaya miki ƙasa za ta wargaje, mutane su biyo abincinmu."

"Ajiye ta, sarkin tsoro!" matarsa ta daka masa tsawa, tana rungume da 'yarsu wadda numfashinta ke sarƙewa. "Ka tara wake, ka ce ƙofar ƙarfe tsada, ka sare itatuwa ka toshe hanya. Ni na kira asibiti. Motarsu ce ta kasa wucewa!"

Ya leƙa ta taga. Maƙwabtan da ya tanadar wa harsasai ne, cikin ƙanƙara har gwiwa, suna yayyanka itatuwansa da injuna don motar asibitin ta wuce.