Motar da Ta Ƙi Cin Gwaji

Karo na uku ke nan da Si Lahsan ya tsaya bayan jan layi yana sauraren injin motarsa a hannun wani. Masu gwajin lafiyar mota ba sa barin mai ita ya matso. Su za su hau da ita kan na'ura, su jijjiga ta, su leƙa ƙarƙashinta, sannan a miƙo takarda ta taga. Matarsa Lalla Ijja ce ke zuwa karɓa. Shekara arba'in da ɗaya duk wata takarda ta gidan a jakarta take zama, don ita malamar makaranta ce a da, shi kuwa tabarau ɗinsa ya tsufa.

Ta dawo tana ninke takardar.

"Hayaƙi," in ji ta. "Wai ya wuce ƙima."

Kowane wurin gwaji da nasa dalilin. A Agadir an ce birki. Ya yi fushi ya koma wani wurin gwaji a Inezgane, aka ce fitilun gaba. Yau ga Ait Melloul da hayaƙi.

Motar ba sabuwa ba ce, amma gida ce sukutum: gado, murhu, ɗan banɗaki, da labule mai furanni da Ijja ta ɗinka. Shekara talatin ya yi yana ɗaure kusoshi a wata masana'antar mota a Faransa, kuma abu ɗaya ya riƙe shi cikin sanyin can, wato ranar da zai ɗauki matarsa su bi bakin teku har Dakhla, su kwana inda suka ga dama. Ba tare da wannan takarda ba, shingen jandarma na farko zai juyo da su. Tsohuwar takardar kuma ranar Juma'a take mutuwa.

A hanyar gida Ijja ta dasa surutun da ta koya a tsufa. Ga keken jaki a dama. Danja ta yi ja. Rage gudu, akwai mata da za su tsallaka. Ya ce ta bar shi ya ji da abin da ke damunsa, ai ba yau ya fara tuƙi ba. Hazon teku ne kawai ya yi wa garin yawa a 'yan shekarun nan, ba safe ba rana.

A gareji, Mbarak bakanike ya sa hannu a bakin salansa, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Alhaji, wannan hayaƙin ko a ɗakin amarya aka sake shi ba wanda zai yi tari. Birki na canza, fitila na canza, ban ga laifin na farkon ba ma. Kawo takardar in gani da idona."

"Tana jakar Hajiya. Kai dai ka gaza, ka faɗi gaskiya."

"To na gaza. Allah ya ba ka wanda ya fi ni."

Duk da haka ya wanke injin, ya sauya matatar iska, don kada tsoho ya tafi da baƙin ciki. Lahsan ya san aikin banza ne. Idan ya koma za su ce taya, ko madubi, ko fentin da ginshiƙin ƙofar gida ya kankare sau biyu a wata ɗaya, ginshiƙin da magini ya dasa a karkace.

'Yarsu Nadiya ta kira daga Lyon. Baba, a sayar da motar haka nan, a huta. Da can yakan katse wayar idan ta fara. Wannan karon ya saurara har ƙarshe, kuma abin da ya fi ba shi tsoro shi ne bai ji fushi ba.

Da la'asar ya haɗa shayi kamar kullum. Ya ɗaga buta sama har kusan kafaɗa ya tsiyaya, don shayin da bai yi kumfa ba ba shayi ba ne. Abin alfaharinsa ke nan: yana da shekara saba'in da biyu, amma ɗigo ɗaya bai taɓa sauka a faranti ba. Ijja na gefe tana ta gyara zaman kofuna, wata ɗabi'a da ke ba shi haushi.

"Na haƙura da Dakhla," ya ce. "Ki yafe mini. Na yi miki alkawari na kasa."

Ya ji ta ja hanci.

Ranar Alhamis da hantsi Mbarak ya zo ɗaukar motar, ya samo mai saye a Tiznit. Ijja ta shiga ciki kawo shayi, ta bar jakarta a kan kujerar tsakar gida. Lahsan ya lalubo takardun uku ya miƙa, ya ce a nuna wa mutumin aibinta, kada a cuce shi.

Mbarak ya buɗe su. Aka ji ƙarar takarda, ɗaya, biyu, uku.

"Alhaji, wasa kake yi da ni? Ga hatimi nan ƙato kamar bakin kofi. Ta ci gwaji. Duk ukun, tun ta Agadir."

Lahsan ya karɓi ɗaya ya kawo ta dab da hancinsa. Ya juya ta wajen rana. Fari kawai yake gani, da wani dishi-dishi a tsakiya. A bayansa aka ajiye faranti a hankali.

"Shekara biyu nake matsar maka da kofi ƙarƙashin buta, Lahsan," in ji Ijja. "A hanyar Dakhla me zan matsar?"