Kunnen Hagu

Ranar Litinin, 2 ga Maris, 2009, gari ya waye da yayyafi a Busan, iska mai sanyi tana busowa daga teku. Kafin a busa usur na fita fareti, Pyo Na-rae ta riga ta ja zanen gadonta sumul, ta goge takalmi, ta zauna tana shan miyar da mahaifiyarta ta ɗuro mata a fulas jiya, da za ta dawo daga hutun ƙarshen mako.

Bo-ram, abokiyar ɗakinta, ta leƙa kofin ta yamutsa fuska. "Miyar ganyen teku? Ke, yau aka haife ki ban sani ba?"

"Umma ce ta ce lallai in shanye da safen nan."

"Kin ci sa'a ba mu da jarrabawa yau. Da santsinta ya kwashe ki kin sha ƙasa."

Suka yi dariya. A ƙasar nan ko yaro ya san miyar ranar haihuwa ce, kuma ba a kusantarta ranar gwaji.

A filin fareti Bo-ram ta tsaya inda ta saba, a hagun Na-rae. Tun zazzaɓin da ya kwantar da Na-rae a gida lokacin hutun bara kunnenta na hagu ya toshe, bai sake buɗewa ba. A wannan kwaleji ta horar da jami'an jirgin ruwa, maɓalli ɗaya da bai yi ƙyalli ba kan jawo wa aji duka tsallen kwaɗo a bakin ruwa. Kunne kuwa kora ce, domin ba a danƙa jirgi ga wanda ba ya gane ta ina ƙahon wani jirgi ke tashi. Saboda haka duk lokacin da 'yan aji huɗu masu kula da ɗa'a suka daka tsawa daga hagu, sai Bo-ram ta ɗan zungure ta da gwiwar hannu. A makarantar babu wanda ya san zancen sai su biyu.

A zangon nan 'yan ajinsu, aji uku, za su fara fita teku. Wani kamfani mai manyan jiragen dakon kaya zai ɗauki mace ɗaya tak. Na-rae ce kan gaba, Bo-ram na biye da ita.

Da aka watse, Kyaftin Gil, shugaban ɗa'a, ya yafito Na-rae ya ce ta bi shi asibitin makaranta. Likita bai ko dubi kunnen dama ba, kai tsaye ya nufi na hagu.

"An yi mana waya," in ji Kyaftin, idonsa a kan tebur. "Wata mace ce. Ki haɗa kayanki kafin Juma'a."

Na-rae ta koma ɗaki ta tarar da Bo-ram tana gugar farin kaki. Ta tsaya a bakin ƙofa, hularta a hannu.

"Na ci sa'a ba mu da jarrabawa yau, ko?"

"Me ya faru? Ke, zauna mana."

"Ga jirgi can na bar miki. Sai ki nemi wata ki riƙa zungura."

Bo-ram ta rantse ba ita ba ce, ta yi kuka, har ta ƙone hannun rigar da take gugewa. Na-rae ta juya mata baya. A nan, 'yar ajinka ta fi 'yar'uwarka ta jini. Tare ake cin dukan sanyi, tare ake shan horo kan laifin mutum ɗaya, ba a tona wanda ya yi. Wannan amanar ce Bo-ram ta sayar.

Amma dokar makarantar kaifi biyu gare ta. Wanda ya rufa wa ɗan'uwansa asiri a kan lafiyar jiki, hukuncinsu ɗaya. Da yammar ranar Na-rae ta rubuta wa Kyaftin Gil wasiƙa, ta zayyana yadda Bo-ram ta sani tun bara, da yadda take zungurarta a layi. Ta liƙe ambulan, ta sa a aljihu.

Sau da dama ta wuce ƙofar ofishinsa cikin makon, hannunta a aljihun, ƙafarta ta ƙi tsayawa. Abin da ya fi cin ranta shi ne yadda za ta dubi Umma. Matar da teku ta haɗiye mata miji da kwale-kwalensa na kamun kifi, amma ba ta taɓa cewa kada 'yarta ta bi ruwa ba. Ita ce ma ke wanke mata kaki duk Asabar, ta goge, shiru.

Ranar Juma'a aka karɓi hularta, aka mayar mata da wayarta da ake ajiye wa ɗalibai a ofis duk mako. Daga bakin ƙofar makaranta ta hango 'yan ajinsu suna maci zuwa tashar jirgi. An riga an cike gurbinta a layi. Bo-ram tana tsakiya, kanta tsaye, hannun rigarta sabo fil.

Akwai jan akwatin gidan waya a tashar bas. Na-rae ta manna kan sarki, ta tura ambulan ɗin cikin ramin, ta ji faɗuwarta a can ƙasa. Sannan ta kunna waya, ta kira gida, ta kara a kunnen dama, tana shirya kalmomin da za ta fara da su.

Ba ta kai ga buɗe baki ba muryar Umma ta riga ta, a sanyaye.

"Sun sallame ki ko? Yauwa, taho gida, 'yata. Ai na gaya musu na hagu ne, don kada su wahalar da ke da dogon bincike."