Gayyatar da Auta Ta Goge

"Ware ni kuka yi!" in ji Auta, idonta jajur. "Wata uku Inna tana muku bankwana a rukunin sirri na waya, ni ko oho! Kunna min muryarta."

Yayarta ta ci gaba da ninke zannuwan marigayiya. "Saƙonnin kan goge kansu. Ta hana mu faɗa miki, wai daga bakinta za ki ji. Sau uku tana aiko miki gayyata da sabon layinta. Manhajar ba ta nuna suna, sai lamba."

Auta, mai bakin da ba ya hutu, ta tuna baƙuwar lambar da ta goge sau uku, tana cika wa maƙwabta baki cewa ta fi ƙarfin 'yan damfara.

Ta fice, ta bugo ƙofar.