Bidiyon Bikin Yashe

Sati uku ke nan Murja ba ta taka ko zaure ba, tun da wata ƙawarta ta ɗora bidiyonta a intanet tana rawa a wani biki a Yashe. Mutanen da ba su taɓa ganinta ba suka yi ta zaginta har da iyayenta. Ta daina ci, ta daina barci, amma kowane zagi sai ta buɗe waya ta karanta.

Da la'asar aka ce Haladu, ɗan gwaggonta da zai aure ta, ya zo daga Kankiya. Ta fito ta raɓe jikin bango, idonta a ƙasa.

"Na san abin da ya kawo ka, Yaya. Kada ka ji nauyi, in ka fasa ban ga laifinka ba."

Ya daɗe yana kallon yadda ta rame.

"Gwaggonki ta ga bidiyon," ya ce.

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Har sau biyu ta kalla. Ta ce wai a zamaninta ta fi ki iyawa."

Dariya ta kuɓuce mata, kuka ya biyo baya.

"Ba ka karanta abin da suka rubuta ba?"

"Na karanta. Wa ya san ki a cikinsu? Mu muka san ki. Ranar Juma'a Kawu Musa zai zo a sa rana."

Ta sulale ta zauna, ta rufe fuska da hijabi.

"Na gode, Yaya. Allah Ya bar mini ku." Ta share hawaye. "Ka ce wa Gwaggo ta shirya. Ranar biki ita za ta fara shiga fili."