Daminar Injiniya Lauwali

Tun da na'ura ta karɓe zanen benaye, aikin Injiniya Lauwali bai wuce sa hannu ba. Doka kuwa ta ce wanda ya sa hannu, shi da iyalinsa za su yi daminar farko a hawan ƙasa.

Da hantsi matarsa Saude ta ajiye tasar ruwa a tsakar ɗaki.

"Baban Ummi, ruwan nan ya karkata wajen ginshiƙi. Jiya ba haka yake ba."

Lauwali ya tambayi na'urar. Ta ce gini lafiya lau, kuma ƙofa ba za ta buɗe musu ba sai kaka.

Hadari ya taso daga gabas.

"Saude, zubar da shi kafin yara su gani."