Silba Ma Tana Tsatsa

Malam Gambo, ka ce sau ɗaya ka gaya wa maigidanka bangon nan ya tsage, ya ƙi ji, shi ke nan ka kama bakinka? Haba! Gyara zama ka ji misali.

Wani mai walda aka kira wani otal ya gyara tsanin da ake sauka cikin kwamin iyo. Kwamin a rufaffen ɗaki yake, kuma mai otal ya sa an toshe tagogin duka, don mata su yi iyo cikin sutura ba mai leƙe. Niyya dai mai kyau. Yana shiga warin maganin ruwan ya buge shi, idonsa ya kama yaji. Ya duba tsani, ƙalau, noti ɗaya ne ya kwance. Sai ya ɗaga kai. Can sama ga wani ƙaton bututun iska an rataye shi da sandunan silba, daidai saitin inda ruwan ba zurfi, inda yara ke wasa. Ya samo wani tsani ya hau, ya shafa sanda ɗaya, ya ga ɗigo-ɗigon ja kamar kashin ƙuda. Ya san ƙarfen da ke cikin ruwa kullum wanka yake yi. Na sama kuwa, da yake an toshe tagogi ba hanyar fita, tururin maganin ke kwanciya a kansa ya bushe, gobe wani ya hau kan wani, tsaminsa na cin ƙarfen ta ciki, ba mai wankewa. Ya sauko ya faɗa wa mai otal. Mutumin ya yi dariya har da tafawa: "Silba ce fa! Na cikin ruwa bai yi tsatsa ba, sai wanda ko ɗigo bai taɓa shi ba? Malam, aiki dai kake nema."

Wallahi maganar ta yi wa mai walda ciwo, don bai taɓa cin haram da sana'arsa ba. Da wani ne, da ya tattara kayansa ya ce Allah ya kyauta. Shi kuwa washegari ya koma, aka ce maigida na barci. Ya sake komawa, mai gadi ya hana shi shiga. Ran Juma'a ya tare mai otal ɗin a ƙofar masallaci, gaban jama'a, ya ce shi ba ya son aikin, a ba wani. A fitar masa da masu iyo na awa ɗaya kawai, in ƙarya yake yi a daina kiransa mai walda a garin. Kunya ta sa mai otal ya yarda. Aka fitar da kowa, mai walda ya kafa tsani a gefe, ya ɗauki 'yar ƙaramar guduma ya ƙwanƙwasa sandar sau ɗaya tak. Ta karye kamar ƙuli-ƙuli. Ta kusa da ita ta bi sahu, sai bututun ya rikito cikin ruwa, tinjim! A bakin ƙofa ga yara tsaye da tawul suna jiran a ce su koma, har da autar mai otal ɗin. Mai otal ya dube ta, ya zauna daɓas a ƙasa. A ranar aka buɗe tagogin da aka toshe.

To, Gambo, tashi ka koma. Ka ja maigidanka har gindin bangon, ka sa yatsansa cikin tsagar. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce gani ya kori ji.